Ɓera a Ɗakin Bincike: Yadda Ake Neman Tushen Lalurar Otizim a Ƙwayoyin Gado

Gabatarwa

A wurin manomi, ɓera ɓarawo ne. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda ke ce masa kusu, sun san irin ɓarnar da yake yi wa rumbun gero da buhun shinkafa. A wurin masanin kimiyya kuwa, wannan ƙaramar dabba tana cikin manyan kayan aikin binciken lafiyar ɗan Adam. Wannan darasi zai bayyana yadda masana ke sauya ƙwayoyin gadon ɓera da gangan domin su fahimci tushen lalurar otizim, da abin da aka gano ta wannan hanya, da kuma iyakar da binciken ba ya iya tsallakewa.

Mece Ce Lalurar Otizim?

Otizim wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wanda alamominsa kan bayyana tun kafin yaro ya cika shekara uku. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan kira shi galahanga, ko da yake a bakin jama'a wannan kalma takan haɗa lalurori da dama da ba su da tushe ɗaya. Likitoci suna duba manyan alamomi biyu. Ta farko ita ce wahalar cuɗanya da sadarwa: yaro ba ya haɗa ido, a kira sunansa bai waiwayo ba alhali kunnensa lafiya lau, ko magana ta yi masa jinkiri. Ta biyu ita ce maimaita abu ɗaya da tsayawa a kan tsari ɗaya: kaɗa hannu, jera kaya a layi, ko tashin hankali idan an sauya masa hanyar da ya saba bi. Lalurar hawa-hawa ce. Wani ba ya magana sam, wani kuwa yakan kai matsayin farfesa, kamar Temple Grandin ta Amurka, wadda ta yi suna wajen tsara shingayen sarrafa shanu.

Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ne ya bayyana lalurar a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 1978 Victor Lotter ya wallafa binciken da ya yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, inda ya tabbatar da cewa akwai yara masu ita a wannan nahiya. Wani ƙiyasi na 2022, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi, ya nuna cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a wurin maza.

Dalilin Karkata ga Gado

Daga shekarun 1950 zuwa na 1960, wasu masana a Amurka sun ɗora wa iyaye mata laifi, suna cewa rashin jan yaro a jiki ne ke jawo lalurar. Binciken tagwaye ne ya rushe wannan zargi. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter a Ingila suka bincika tagwaye 21 waɗanda aƙalla ɗaya daga cikin kowaɗanne biyu ke da otizim. A cikin tagwaye 11 da suka fito daga ƙwai ɗaya, wato masu kayan gado iri ɗaya sak, an sami huɗu da Hassan da Husaini duk suna da ita. A cikin tagwaye 10 da suka fito daga ƙwai biyu, ba a sami ko ɗaya ba. Duk tagwayen nan ciki ɗaya suka kwanta, gida ɗaya suka tashi. Abin da ya raba rukunan biyu shi ne yawan gadon da suka haɗa. Wani babban bincike na 2019, wanda ya ƙunshi mutane sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya ƙiyasta cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane wajen samun lalurar.

A nan ya kamata ɗalibi ya tuna darasin bayoloji. A tsakiyar kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai zaruruwa da ake kira kuromosom, guda 46 a jikin mutum, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowane zare kamar jigida yake, ƙwayoyin gado kuwa su ne duwatsun da aka jera a kansa. Mutum na da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ɗauke da umarnin haɗa furotin. Idan rubutun wata ƙwaya ya sauya, furotin ɗinta na iya lalacewa ko ya ɓace.

Amosanin jini, wato sikila, daga ƙwayar gado ɗaya yake tasowa. Otizim ba haka yake ba. Wani bincike na 2020 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da shi, kuma an ci gaba da gano wasu. Bugu da ƙari, sau da yawa sauyin sabo ne, wato ya auku ne a cikin ƙwan mace ko maniyyin namiji, alhali babu shi a jinin uwa ko na uba. Saboda haka kalmar gado a nan ba ta nufin akwai wanda za a nuna wa yatsa a cikin dangi.

Me Ya Sa Aka Zaɓi Ɓera?

Ganin sauyin wata ƙwayar gado a jikin yaro mai otizim bai isa hujjar cewa ita ce sanadi ba. Manomin albasa a Aliero da ke son sanin ko wani sabon taki na da amfani, yakan shuka iri ɗaya a fangali biyu, ya ba su ruwa daidai, ya sa takin a ɗaya kawai. Duk bambancin da ya gani ranar cira, takin ne ya kawo shi. Irin wannan gwaji ake bukata a kan ƙwayar gado, amma doka da tarbiyya ba su yarda a yi shi a kan mutum ba. Dole a nemi wakili.

Dalilai huɗu suka sa ɓera ya dace. Na farko, lokacin da aka karanta jerin gadonsa a 2002, an ga cewa kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsa suna da 'yan'uwa a jikin mutum. Na biyu, yana da saurin haihuwa: ciki kwana 19 zuwa 21, balaga mako shida zuwa takwas, kuma macen kan haifi 'ya'ya shida ko fiye a lokaci guda. Na uku, dabba ce mai zaman tare, mai shinshinar 'yan'uwanta da kiran juna, don haka ana iya auna cuɗanyarta. Na huɗu, akwai zuriyoyin da aka daɗe ana haɗa wa da ƙanwa a cikinsu, aƙalla hawa 20, har 'ya'yansu suka zama kamar tagwayen ƙwai ɗaya. Mafi shahara ita ce C57BL/6, baƙar zuriyar da Clarence Little ya fara a 1921. Shi ne kuma ya kafa Cibiyar Jackson a Amurka a 1929, wadda ke raba irin waɗannan ɓeraye ga masu bincike a duniya. Wannan zuriya ita ce makwafin irin albasa ɗaya da manomi ya raba a fangali biyu.

Yadda Ake Samar da Ɓeran Gwaji

Tsohuwar hanya ta samo asali daga aikin Martin Evans, wanda a 1981 ya raini ƙwayoyin asali na tayin ɓera a cikin faranti, da na Mario Capecchi da Oliver Smithies, waɗanda suka gano yadda za a nufi ƙwayar gado ɗaya tak a sauya ta. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 2007. Matakan su ne:

1. A ɗebo ƙwayoyin asali daga tayin ɓera mai kwana uku da rabi. Waɗannan ƙwayoyi suna iya zama kowane sashe na jiki.

2. A shigar musu da gurɓataccen kwafin ƙwayar gadon da ake son kashewa, haɗe da wata alama mai ba da kariya daga wani magani. A 'yan kaɗan daga cikinsu, kwafin yakan maye gurbin na asali.

3. A zuba maganin. Waɗanda ba su karɓi kwafin ba sai su mutu, a tantance sauran, a ware waɗanda kwafin ya zauna a daidai wurinsa.

4. A cusa su cikin tayin wani ɓera mai launin gashi daban, a dasa tayin a mahaifar wata macen.

5. Ɗan da za a haifa yakan fito dabbare-dabbare, alamar cewa jikinsa haɗin ƙwayoyi iri biyu ne. A haɗa shi da ɓera na yau da kullum, a zaɓi 'ya'yan da suka gaji kwafi ɗaya mai sauyi.

6. A haɗa biyu daga cikin waɗannan. Bisa ƙa'idar Mendel, a cikin kowaɗanne 'ya'ya huɗu ana sa ran ɗaya mai kwafi biyu lafiyayyu, biyu masu ɗaya da ɗaya, ɗaya kuma mai kwafi biyu masu sauyi. Lissafin daidai yake da na auren AS da AS a darasin sikila.

Lafiyayyun 'yan'uwan da aka haifa a ciki ɗaya su ne ma'auni, wato fangalin da ba a sa wa taki ba. Wannan hanya takan ci shekara ɗaya ko fiye. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana fasahar CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi mai ja-gora, tana yanka zaren gado a daidai wurin da aka umarce ta. Daga 2013 aka fara yi wa ƙwan ɓera allurar wannan almakashi kai tsaye, aikin ya dawo na 'yan watanni.

Yadda Ake Auna Halin Ɓera

Ɓera ba ya magana, ba ya zuwa makaranta. Don haka masana suka ƙirƙiro gwaje-gwaje masu kwaikwayon alamomi biyun da aka ambata.

Gwajin ɗaki uku, wanda Jacqueline Crawley da abokan aikinta suka bayyana a 2004, akwati ne mai ɗakuna uku da ƙofofi a tsakani. A ɗakin dama akan sa baƙon ɓera cikin kejin waya, a na hagu keji babu kowa. Sai a saki ɓeran gwaji a tsakiya, a auna inda ya fi zama cikin minti goma. Lafiyayyen ɓera ya fi daɗewa wurin baƙon.

Gwajin murya ya dogara ga kukan da jaririn ɓera ke yi idan an raba shi da uwarsa. Sautin ya fi ƙarfin kunnen mutum, wanda iyakarsa girgiza 20,000 a daƙiƙa, don haka da makirfo na musamman ake naɗarsa, kwamfuta ta ƙirga yawansa da salonsa.

Wajen auna maimaita abu, akan ƙirga lokacin da ɓera ke ɓatawa yana lasa da sosa jikinsa, ko a jera masa ƙananan duwatsun gilashi 20 a kan dusar katako a ga nawa zai binne cikin rabin awa. Ƙa'ida ce kada mai ƙirgar ya san wanne ne ɓeran gwaji, wanne ne ma'auni, don kada zatonsa ya shiga cikin lissafi.

Abin da Aka Gano

Misali na farko shi ne FMR1, ƙwayar gado da ke kan kuromosom X, wadda aka gano a 1991. Rashin aikinta na kawo wata lalurar ƙarancin fahimta da sau da yawa ke tafe da otizim. A 1994 masana daga Holan da Beljiyam suka samar da ɓeran da aka kashe wa wannan ƙwaya. An ga cewa 'yan ƙayoyin da ke jikin ƙwayoyin jijiyarsa, inda saƙo ke sauka, sun fi tsawo da siranta, kamar waɗanda ba su gama nuna ba.

Na biyu shi ne MECP2. A 1999 ɗakin binciken Huda Zoghbi, likita haifaffiyar Lebanon da ke aiki a Amurka, ya gano cewa ita ce sanadin lalurar Rett, wadda ta fi kama 'yan mata: yarinya ta fara girma lafiya, sannan magana da amfani da hannu su gushe. Tun 2013 ba a lissafa Rett a cikin otizim, amma suna da alamomi masu kama. A 2007 Adrian Bird na Jami'ar Edinburgh ya yi wani gwaji mai ban mamaki. Ya samar da ɓerayen da aka toshe wa wannan ƙwaya da wani makulli da za a iya buɗewa da magani. Sai da suka kamu sosai, tafiya ta gagare su, sannan aka buɗe makullin, kuma mafi yawan alamomin suka ja da baya. Wannan ya nuna cewa ƙwayoyin jijiyar ba su mutu ba, aikinsu ne ya tsaya.

Na uku shi ne SHANK3, wadda aka alaƙanta da otizim a 2007. Furotin ɗinta kamar ginshiƙi yake a mahaɗar da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta. A 2011 Guoping Feng da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ɓerayen da suka rasa ta suna ƙaurace wa baƙo, suna kuma sosa jikinsu har ya yi gyambo. A 2016 suka maido da ƙwayar bayan ɓerayen sun girma. Cuɗanya ta gyaru, sosar ta ragu, amma fargaba da rashin daidaiton motsi ba su gushe ba sai a waɗanda aka maido wa da ita tun suna ƙanana.

Daga waɗannan misalai an fahimci abu biyu. Ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da otizim suna da yawa, amma mafi yawansu a wuri biyu suke aiki: ko dai a mahaɗar jijiyoyi, ko kuma wajen kunna wasu ƙwayoyin gado da kashe su lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Sannan akwai abin da ke karɓar gyara a kowane lokaci, akwai kuma wanda ke da ƙayyadadden lokaci a ƙuruciya.

Iyakar Binciken

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 70. Ta mutum ta haura kilo ɗaya, da kimanin biliyan 86. Ɓera da hanci yake gane ɗan'uwansa, mutum kuwa da ido da harshe. Don haka masana ba sa cewa ɓera na da otizim, sai dai su ce yana nuna hali mai kama da wasu alamominsa.

Sakamako ma yakan saɓa. A 2007 ɗakin binciken Thomas Südhof ya ba da rahoton raguwar cuɗanya a ɓerayen da aka sa wa wani sauyi na ƙwayar NLGN3, wanda aka fara gani a jikin wasu 'yan'uwa biyu a Suwidin. A 2008 wasu masanan suka gwada ɓerayen da aka samar daban masu wannan sauyi, ba su ga bambanci mai yawa ba. Zuriyar ɓera da yanayin ɗakin gwaji duk suna da tasiri.

Babban darasi ya zo daga magani. Wasu magunguna sun gyara alamomi da dama a ɓeran FMR1, har kamfanonin Novartis da Roche suka gwada su a kan mutane. Ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani ba, kuma a 2014 aka dakatar da aikin. A ɗaya ɓangaren, wani gwajin ɓera na 2009 ya share fage ga maganin tirofinetayid, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023 domin rage wasu alamomin Rett. Shekara 14 ke nan tsakanin gwajin keji da shigar maganin asibiti.

Ita kanta dabbar tana da hakki. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Ɗalibai su kiyaye: ɓeran gwaji a tsabtataccen ɗaki ake kiwonsa, kuma kada a kamo na gida da sunan gwaji, domin wani nau'insa na yaɗa zazzaɓin Lassa.

Amfanin Darasin ga Makarantunmu

Kusan huɗu cikin biyar na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu zuriyar Turawa ne, alhali al'ummomin Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin gado. Ɓeran gwaji kuwa sauyin da aka riga aka gano a jikin mutum kawai yake iya wakilta. Wannan giɓi ne da ke jiran ɗaliban bayoloji da kemistiri na yau, kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jega.

Kafin nan, akwai abin da malami zai iya yi a yau. Yaro mai otizim ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma taurin kai ke damunsa ba. Duka da ɗauri da cire shi daga makaranta ƙara masa wahala suke yi. Allurar rigakafi ba ta kawo lalurar: takardar 1998 da ta yi wannan zargi an janye ta a 2010, kuma binciken yara sama da 650,000 a Denmak a 2019 bai ga wata alaƙa ba. Akwai dai abubuwan da ke ƙara haɗari ban da gado, kamar haihuwar bakwaini da shan maganin farfaɗiya mai suna balfuro'et lokacin ciki, amma mai ciki kada ta daina magani sai da shawarar likita. Babu gwajin jini da ke tabbatar da otizim, babu kuma ƙwayar magani da ke kawar da shi. Abin da ke taimako shi ne ganowa da wuri, a fara da gwajin ji, a kai yaro ga likitan yara ko asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware. A cikin aji kuma, gajeren umarni, da koyarwa da hotuna, da tsayayyen jadawali, da wurin zama mai ƙarancin hayaniya suna sauƙaƙa masa karatu.

Kammalawa

An ga cewa gado ne babban tushen otizim, kuma ƙwayoyin da abin ya shafa sun haura ɗari. Ɓeran gwaji ya ba masana damar sauya ƙwaya ɗaya su ga abin da zai biyo baya, ya kuma nuna muhimmancin mahaɗar jijiyoyi da na shekarun ƙuruciya. Duk sakamakon da ya bayar kuwa, sai an tabbatar da shi a kan mutum kafin a kira shi magani.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa kwatanta tagwayen ƙwai ɗaya da na ƙwai biyu ke nuna tasirin gado?

2. Idan aka haɗa ɓeraye biyu masu kwafi ɗaya mai sauyi suka haifi 'ya'ya 24 a jimlace, nawa ake sa ran za su gaji kwafi biyu masu sauyi?

3. Mene ne amfanin rukunin ma'auni a gwaji? A kawo misali daga noma ko kiwo.

4. A bayyana dalilai biyu da ke sa maganin da ya yi aiki a jikin ɓera ya kasa yi a jikin mutum.